Sansami, Ɗan Sarkin Itatuwa A Ƙasar Jama'are

Matafiyin da ya tashi daga Kano a cikin watan Maris ya nufi gabas, ya bi ta Wudil da Kiyawa, kafin ya iso ƙasar Jama'are idanunsa sun gaji da launi ɗaya. Hunturu ya wuce, bazara ta kawo jiki, gonaki sun zama fili fetal, ba abin da ya rage a cikinsu sai tushiyar dawa da ƙura. Kuka ta kakkaɓe ganyenta tun tuni. Ɗan koren da ido zai samu na maina ne, watau darbejiya, da na gawo, sai kuwa tsamiya jefi-jefi. A irin wannan lokaci ne, in mutum ya taki sa'a, zai hango wani ɗan itace can a bakin wata gona, ba ganye ko ɗaya a jikinsa, amma ya lulluɓe da fure ruwan hoda tun daga sama har ƙasan rassansa. Wanda bai san shi ba ya kan ɗauka wani baƙon itace ne da aka kawo daga ƙasashen waje. Ɗan ƙasa ne, sunansa sansami.

Kafin a shiga maganarsa, ya kamata mai karatu ya san ƙasar da ya ke tsaye a kanta. Jama'are tana arewacin Jihar Bauci, a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, yamma da Azare, hedkwatar masarautar Katagum. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar kamar rabin sa'a ce a mota. Garin yana bakin kogin da ya ci sunansa. Wannan kogi daga tsaunukan Jos ya taso, a can sama kuma Bunga a ke ce masa. Ya gangaro arewa maso gabas, ya ratsa ƙasar Katagum, ya haɗu da kogin Haɗejiya a wajejen Gashuwa, su biyu suka zama kogin Yobe wanda ya ke zuba a Tafkin Cadi. Da damina ya kan cika ya batse, wata shekara har ya ci gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar shekarar 2022 wadda ta taɓa jihohi da yawa na Nijeriya. Da bazara kuwa ya kan janye ya bar rairayi da gurabe, masu lambu su cika fadama da albasa da tumatir da tattasai, masunta su bi sauran ruwan da ya kwanta.

Masarautar ta samo asali ne daga zamanin jihadi. Tarihi ya nuna Muhammadu Wabi na farko ne ya kafa ta a 1811. A 1835 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar da ita ga Sambolei, saboda gudummawar da ya kai a yaƙin da aka yi da masu tawaye a ƙasar Katsina. Sarki Muhammadu Mauɗo ne ya kewaye garin da ganuwa mai ƙofofi huɗu a cikin shekarun 1850, kuma da ƙyar garin ya tsira daga hare-haren Sarkin Haɗejiya Buhari. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aka sa Jama'are ƙarƙashin Lardin Kano, a 1926 aka mai da ita Lardin Bauci, a 1976 kuma ta shiga sabuwar Jihar Bauci. Fulani da Hausawa da Shirawa da Barebari ne mazauna ƙasar, noma da kiwo da su ne manyan sana'o'insu. Masarauta ce ƙarama in an kwatanta ta da maƙwabtanta, amma ta riƙe matsayinta fiye da shekara 200.

Tun zamanin da Fulanin Jama'are ke yawo da shanunsu a wannan kwari sun san itacen nan. Da Fulatanci golombi a ke kiransa. Hausawa kuwa suna da suna uku gare shi: sansami, da jiri, sai kuma ɗan sarkin itatuwa, wanda aka fi ji a wajejen Sakkwato da Katsina. Wani likita Bature mai suna Dalziel, wanda ya tattara samfuran tsirrai a ƙasar Katagum a farkon mulkin Turawa, ya rubuta sunayen itatuwan ƙasar Hausa a wani ƙamus da aka buga a 1916, sansami yana ciki. Masana ilmin tsirrai suna kiransa Stereospermum kunthianum, sunan da wani masani Bajamushe, Chamisso, ya raɗa masa a farkon shekarun 1830 don girmama abokin aikinsa Kunth. Ana samunsa a dazuzzukan Afirka tun daga Senegal har Habasha, ya gangara kudu har Mozambik. A nan gida danginsa na kusa su ne aduruku da hantsar giwa.

Gane shi ba wuya ga wanda ya san abin da zai duba. Itace ne matsakaici, galibi mita 5 zuwa 10, ko da ya ke a wuri mai ni'ima ya kan kai 15. Gangar jikinsa ba ta cika miƙewa samɓal ba. Ɓawonsa toka-toka ne mai santsi, yana ɓanɓarewa falle-falle ya bar tabo mai haske, har jikin ya yi dabbare-dabbare. Ganyensa biyu-biyu su ke fitowa suna fuskantar juna a kan reshe, kowane ɗaya kuma ya rabu gida 5 zuwa 9, guda ɗaya a can ƙarshe ba shi da abokin tsayi. Furensa kamar bakin algaita ya ke, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, bakinsa ya rabu biyar, da zane-zane ja a ciki. Tuli-tuli ya ke fitowa a ƙarshen rassa, yana da ƙamshi mai sanyi da ya fi tashi da sassafe, ƙudan zuma kuwa ba sa rabuwa da shi. Daga ƙarshen hunturu ya ke farawa, ya yi ƙarfi a Fabrairu da Maris, wani lokaci ya taɓa Afrilu. Sai furen ya kusa ƙarewa sa'an nan sabon ganye ya ke tsirowa.

Idan lokacin fure ya wuce, 'ya'yansa ne shaida. Wasu dogayen kwasfa ne sirara masu kama da bulala, tsawonsu ya kan kai rabin mita, suna reto a jikin rassa. In sun bushe sai su murɗe, su tsage biyu, iri ya fito. Kowace ƙwaya tana da fiffike fari sirit a gefe biyu, iska ta kwashe ta ta kai nesa. Busassun kwasfan su kan daɗe a sama bayan irin ya watse, saboda haka ko da damina a kan gane sansami da su.

Akwai waɗansu itatuwa da ke fure a wannan lokaci, waɗanda baƙo zai iya rikita su da shi. Marga tana da dogayen 'ya'ya masu reto, amma furenta rawaya ne mai zubowa ƙasa, kwasfarta kuma ta fi kauri da duhu, ba ta tsagewa biyu. Runhu ma rawaya ne. Minjirya da gurjiya ja wur su ke yi, kuma dukansu suna da ƙaya a jiki, abin da sansami ba shi da shi. Wadda ta fi kama da shi a launi ita ce ƙarya, wadda a kan dasa a bakin gidaje da shinge, wadda kuma Hausawa suka yi karin magana da ita cewa ƙarya fure ta ke, ba ta 'ya'ya. Ita gajera ce, gindinta a kumbure, rassanta masu taushi da ruwa, ruwan nan kuwa dafi ne, don haka a yi hattara da ita inda yara da dabbobi su ke. Sansami itace ne sosai mai ƙarfin jiki, yana fure yana kuma 'ya'ya.

Sunayensa na Hausa suna ɗauke da wani labari. A wurare da dama na ƙasar Hausa da na Fulani, mutanen da ba sa sa itacen sansami a murhu, don sun ɗauka hayaƙinsa yana cutar da jikin mutum. Akwai masu danganta sunan jiri da wannan, watau juwar da a ke cewa hayaƙin yana sawa. Ko camfi ne ko akwai ƙamshin gaskiya a ciki, abin da ya jawo shi ne mai gatari ya kan sare na dama da na hagu ya tsallake shi. Masu maganin gargajiya kuma suna daraja ɓawonsa da saiwarsa da 'ya'yansa, musamman wajen tari da gyambo, ko da ya ke wannan fage ne na masana lafiya, ba abin da kowa zai gwada da ka ba. Makiyaya su kan sassabo wa dabbobi sabon ganyensa a ƙarshen bazara sa'ad da ciyawa ta ƙare ƙaf. Itacen da a ke jin nauyin ƙonawa, a ke kuma nemansa don magani da kiwo, bai yi mamaki ba da aka ba shi sarauta a cikin itatuwa.

To, amma wannan alfarma ta fara ƙarewa. Jama'a ta ƙaru, dajin da ke tsakanin ƙauye da ƙauye ya koma gona, saura kuma ba a barinta ta huta kamar da. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa a duk arewacin Nijeriya. Buƙatar itacen girki da gawayi a garuruwa irin su Azare da Kano ba ta san ɗan sarki ba, kuma yaron da ke sara don sayarwa bai ji abin da kakansa ya ji ba. Masu sassaƙe ma su kan yi ɓarna: in aka kwashe ɓawon itace aka kewaye gangar jikinsa duka, an yanke hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa saiwa, ko ba jima ko ba daɗe zai bushe. Ga kuma sassabe na kowace shekara, inda a ke datse duk tsiron da ya fito a gona a tara a cinna wuta. Da haka itace ya ke ɓacewa daga ƙasa ba tare da an yi shela ba. Dattijo ya san shi da suna uku, ɗansa ya san ɗaya, jikansa kuwa sai ya gan shi ya tambaya ko daga ina aka kawo.

Ba a ce ba a dasa itatuwa a wannan yanki ba. Ana dasawa ƙwarai. Maina, wadda asalinta daga ƙasar Indiya ne, an fara dasa ta a Lardin Barno a 1928, ga shi yau ta cika titunan Jama'are da Azare da kusan kowane gari na Arewa. Ta yi wa ƙasa rana, don inuwarta ce mafakar mai talla da ɗan makaranta da mai jiran mota. Bayan ta an kawo turare da sauran irinsu. Shirin ganuwar itatuwa na Tarayyar Afirka, wanda aka amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015, ya ƙunshi jihohi 11 na Arewa, har da Bauci. Sai dai mafi yawan wannan dashe don inuwa ne da tare hamada. Idan aka zo maganar ƙawata harabar makaranta ko ƙofar ofis, hankali ya kan tafi ga furannin ƙasashen waje masu shan ruwa safe da yamma, waɗanda da zarar famfo ya ƙafe a watan Afrilu sai su bi shi.

Waɗansu ƙasashe sun mai da furen itace abin alfaharinsu. A Japan jama'a su kan fita takanas don kallon furen ceri a ƙarshen sanyi, kuma a 1912 birnin Tokyo ya aika wa birnin Washington na Amurka kyautar itatuwan nan kimanin 3,000, waɗanda har yau a ke yi wa biki kowace shekara. Birnin Pretoria na Afirka ta Kudu ya yi suna da jakaranda, wadda ke rufe titunansa da shuɗin fure a watan Oktoba, alhali daga Kudancin Amurka aka kai ta can. Jakarandar nan dangi ɗaya su ke da sansami, har Turawa su kan kira sansami jakaranda mai ruwan hoda. Abin da waɗancan suka ɗauko daga wata nahiya, ƙasar Jama'are tana da ɗan'uwansa a bayan gari, wanda ya saba da zafin da ya kan haura digiri 40, ya kuma saba da wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwan sama.

Hanya mafi sauƙi ta raya shi ba ta bukatar ko kwabo. Sansami yana da ɗabi'ar tofo daga saiwa. Ko an sare uwar, ko wuta ta lashe ta, saiwar tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara tana turo sababbin tsirrai. Manoman ƙasar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun ci moriyar wannan ɗabi'a ta itatuwan daji tun daga shekarun 1980, da dabarar da su ke kira sassaben zamani. Maimakon manomi ya datse duk tofon da ya fito daga kututture, sai ya zaɓi ɗaya ko biyu mafiya ƙarfi ya bari, ya rage musu rassan ƙasa, ya cire sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonaki masu faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Manomin ƙasar Jama'are da ya tarar da tofon sansami a kan iyakar gonarsa, abin da a ke nema gare shi kawai ya ɗaga adda ya wuce. Da ya ke tsohuwar saiwa ce ke ciyar da shi, irin wannan tofo ya fi dashe saurin girma nesa ba kusa ba.

Wanda kuma ya ke son ya kawo shi cikin gari yana da zaɓi biyu. Na farko, ya nemi izinin mai gona, ya jira damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, ya haƙo ƙaramin tofo tare da guntun saiwar da ya fito daga jikinta, tsawon kamar taki ɗaya na hannu, da ƙasarsa a manne. A rage masa ganye, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, a dasa shi a ranar, da yamma. Na biyu shi ne iri. A tsinko kwasfa sa'ad da ta bushe amma ba ta riga ta tsage ba, a shanya ta a inuwa cikin ƙwarya ko buhu don kada iska ta kwashe ƙwayar. A shuka shi da wuri, don irin ba ya son dogon ajiya. A cika 'yar leda ta reno da rairayi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, a kwantar da ƙwaya biyu ko uku a sama, a yayyafa musu ƙasa kaɗan. Ba duka ke tsirowa ba, saboda haka a shuka fiye da abin da a ke bukata. Malaman gandun daji na ƙaramar hukuma za su iya taimakawa wajen reno.

Wurin dashe shi ne rabin aikin. Sansami ɗan rana ne, in aka sa shi ƙarƙashin inuwar maina ba zai yi furen kirki ba. Yana son jigawa ko tudu inda ruwa ke wucewa, don haka kada a kai shi cikin fadamar da kogi ke kwanciya a kanta da damina. A haƙa rami mai zurfin gwiwa, faɗinsa ma haka, a gauraya ƙasar sama da taki a mayar. A bar tazarar mita 5 ko 6 tsakanin itace da itace, a kuma nisanta shi da katanga da bakin rijiya, don saiwarsa tana yaɗo tana tofo. Babbar abokiyar gabarsa akuya ce. Dashen da ba a kewaye shi da ƙaya ko kwando ko tubali ba, sadaka ce aka yi wa awakin unguwa. A rani biyu na farko a riƙa ba shi ruwa sau ɗaya ko biyu a mako, a zuba da yawa yadda zai ratsa ƙasa. Wanda ruwa ke masa wuya ya binne tsohon tulu a gindinsa ya riƙa cikawa, ya rufe bakin. In gara ta matsa, a barbaɗa toka. A riƙa cire rassan ƙasa da tofon gefe har ya tashi da ganga ɗaya. Daga shekara ta uku ruwan sama ya ishe shi.

Sai an yi haƙuri da shi, don ba ya saurin maina, kuma ba zai ba da inuwa a tsakiyar bazara ba, tun da lokacin ne ya ke tuɓe ganye. Saboda haka ba gurbin maina zai ci ba, kusa da ita za a ba shi nasa wuri. Idan ya zubar da ganye a hunturu kada a ce ya mutu a kai masa gatari. Shirin fure ya ke yi.

Wuraren da suka dace da shi a Jama'are ba su ɓuya ba: filin ƙofar fada, harabar makarantun firamare da na sakandare, asibiti, tashar mota, da tudun da ke gefen hanya kafin a hau gadar kogi. Makaranta ɗaya da za ta ba kowane aji itace biyu su rena, ta rubuta sunayensa na Hausa da Fulatanci a ɗan allo a gindinsa, ta ceci itacen ta kuma ceci sunan. Wanda ya ke da niyya, yanzu ne lokacin fara shiri. Ya fita bayan gari a watan Maris sa'ad da furen ke nuna kansa daga nesa, ya shaida inda itacen ya ke, ya yi magana da mai gonar, sa'an nan ya koma da fartanya idan ruwan Yuli ya jiƙa ƙasa.